Fuskar Kyaftin da Hulunan Kwano

Duk wanda ya ce zamaninmu bai haifi gwani ba, bai taɓa zuwa ɗaukar hoton fasfo a ɗan shagon da ke ƙarƙashin matakalar kanti ba. A can Kyaftin yake. Bai taɓa tuƙa jirgin ruwa ba, balle na sama. Ko bayan babur ya hau sai ya rufe ido. Amma shi ya raɗa wa kansa sunan, kuma mutum irinsa ba a yi masa gardama. Shekara goma sha ɗaya wannan bawan Allah yana duƙe bayan kyamara yana cewa "ɗaga haɓa, rufe baki, kar ka ƙifta," yana wanke fuskokin da ko masu su ba sa marmarin sake gani. Tasa fuskar kuwa, wadda a ganinsa ita kaɗai aka halitta don allo, ba wanda ya taɓa biyan ko sisi don ya kalle ta. Wannan zalunci ne ya ishe shi, ya yanke shawarar yin fim.

Ba irin fim ɗin nan na kuka da rarrashi ba, a'a. Fim na kimiyya. Shekara ta dubu uku, duniya ta ƙone ƙurmus, ragowar 'yan Adam sun dunguma cikin kumbo guda suna neman wata duniyar, kuma mutum ɗaya ne tak zai cece su. Ba sai na faɗi wanda zai fito a wannan matsayi ba. Labari ya kammala, jarumi ya samu, abu ɗaya ya rage, wato kuɗi.

Sai Kyaftin, Uban Taurari, ya buɗe shafin tara gudummawa a intanet. Ya hau rufin kanti, ya dafe ƙirji, ya kafa wa sama ido har hawaye suka zo saboda rana, aka ɗauke shi a bidiyo.

"Ba roƙo nake yi ba," in ji shi, "dama nake ba ku. Nan da shekara ɗari za a tambayi jikokinku, ina kakanku yake ranar da Kyaftin ya yi kira? Duk wanda ya ba da daidai kuɗin takalmi mai kyau, na yi alkawari fuskarsa za ta fito a cikin fim ɗin nan. Tarihi ba ya jiran kowa!"

Ya yi zaton manyan attajirai daga ƙetare ne za su yi rububi. Ba su zo ba, wataƙila saƙon bai kai gare su ba. Waɗanda suka zo su ne mai aski, da matar da ke ba shi hayar shago, da malamar jinya ta ƙaramin asibiti, da masu babur ɗin haya, da malaman firamare uku da suka haɗa albashi. Har da Kawunsa, tsohon direban bas mai ɗingishi, wanda jikokinsa ke can wani gari mai nisa ba su san shi ba sai a waya. Shi dai burinsa yaran su gan shi a allo ko sau ɗaya. Kafin wata ya ƙare mutum ɗari da arba'in sun sa hannu, kuɗi sun cika.

A nan ne gwanin namu ya zauna da jerin sunaye, ya ƙirga su. Fuska ɗari da arba'in! Wato ya gudu daga fuskokin mutane a shago, ga su sun biyo shi har sararin samaniya, kuma wannan karon a kan allonsa za su yi cincirindo. Kwana uku yana shan ƙamshi, ba ya amsa gaisuwa. A rana ta huɗu kimiyya ta kawo masa ɗauki.

Ya tara masu gudummawa a wurin mijin yayarsa, mai gyaran firji, inda za a gina kumbon. Ya hau kan wata matacciyar firiza ya yi jawabi.

"Bincikena ya nuna iskar sabuwar duniya guba ce. Duk wanda ya shaƙa, ya mutu. Saboda haka kowa zai sa hular kwano mai baƙin gilashi, daga farkon fim har ƙarshe."

Mai aski ya tambaya ko a cikin kumbo ma sai an sa. Aka ce masa kumbon yana yoyo. Malamar jinya ta tambaya shi Kyaftin fa. Aka ce mata huhunsa na ƙarfe ne, tun yana jariri aka dasa masa. Kawu ya ɗaga hannu a hankali.

"To ɗana, fuskar da ka ce fa?"

"Kawu, fuskarka tana cikin hula, hula tana cikin fim. Wane alkawari na karya? Fasaha ce, ba tuƙin bas ba."

Kawu ya sauke hannu. Ni da nake tsaye a wurin, na ji tausayin tsohon nan har cikin raina.

Aka shiga aiki. Mijin Yaya, mutum mai haƙurin da ya wuce misali, ya jera ƙofofin firji ya yi bangon kumbo, ya ciro gangar injin wanki ta zama tagar leƙen taurari, fankar tsohuwar na'urar sanyaya ɗaki ta zama injin da zai kai ɗan Adam wata duniya. Hulunan kwano goma sha biyu kacal aka samu aro wurin masu babur, aka shafe su da fentin azurfa. Don haka aka riƙa shigo da jama'a rukuni-rukuni, wannan ya cire hula tana ɗigar gumi, wancan ya karɓa ya kifa. Umarnin darakta ɗaya ne ga kowa: "Ku yi ta kai-komo a bayana kamar masu aiki, kar wanda ya tsaya."

Shi kuwa Mai Huhun Ƙarfe yana gaba, an shafe shi da hoda, fitila biyu a kansa. Mai kyamara, wanda sana'arsa ɗaukar bidiyon biki ce, ya sha faɗa har ya gaji. "Matso! Ƙara matsowa! Ina so duniya ta ga abin da ke cikin idona." Jawabinsa na ƙarshe ga 'yan Adam minti ashirin da biyu ne, kuma sau tara aka ɗauka, domin a takwas na farko hancinsa bai fito yadda tarihi zai so ba.

Ranar nuna fim aka karɓi aron zauren makaranta, aka toshe tagogi da barguna saboda hasken la'asar. Kowane mai gudummawa ya zo da iyalinsa. Jikokin Kawu ma an kawo su, su huɗu, sun kwana a hanya. Tun isowarsu suke biye da shi duk inda ya ɗingisa. Kyaftin ya zauna a layin gaba cikin farar kwat, ya ɗaura fuskar tawali'un da ya yi mako yana gwadawa a madubi.

Fim ya fara. Wani mai hular kwano ya gifta ɗauke da bututu. Can sai wata mata ta miƙe ta rafka guɗa.

"Maigidana ne! Ku dubi tumbin!"

Shi ke nan, wuri ya kaure. Ashe gwanin da ya shekara goma sha ɗaya yana kallon mutane daga wuya zuwa sama bai san cewa iyali ba da fuska suke gane nasu ba. Aka gane mai aski da gwamammun ƙafafunsa. Aka gane malamar jinya da saurin tafiyarta, kamar an kira ta ɗakin haihuwa. Matar da ke ba shi hayar shago hannu a ƙugu take tsayawa ko a shekara ta dubu uku. Kowace hula ta gifta sai wani layi ya tashi da tafi, ana nuna allo da yatsa, ana dariya har da hawaye.

Sai babban jawabi ya zo. Fuskar Kyaftin ta cika allo, ido jajur, leɓe na rawa. A can bayan kunnensa na hagu, wani ɗan mutum ya ɓullo yana ɗingishi, hannu ɗaya a baya.

"Kaka! Ga Kaka!" Jikokin suka haye kan benci. Kafin su ƙare murna, ƙaton kan Kyaftin ya karkata ya rufe tsohon.

"Matsa mana!" wani ya yi ihu daga baya.

"Malam, ka tare mana mutane!"

Zaure duka ya ɗauka, har da Yayarsa uwa ɗaya uba ɗaya. Aka sa mai na'ura ya mayar da wurin baya sau biyar, aka ce ya kashe sautin ma, yana hana su gane takun Kawu. Kyaftin ya miƙe, ya juyo, ya buɗe hannuwa.

"Jahilci! Wannan jawabi shi ne zuciyar fim ɗin! Nan da shekara ɗari..."

Aka ce ya zauna, yanzu kuma inuwarsa ce ta tare allon.

Kada a ce mutanen nan butulu ne. Sun ji daɗin fim ɗin ƙwarai, har suka amince a yi kashi na biyu, kuma Kyaftin ne zai sake jan ragama. Gyara ɗaya kawai suka nema. Tun kafin a yaye barguna daga tagogi malamar jinya ta buɗe sabon shafin gudummawa a wayarta, kuma cikin minti goma ya cika: kuɗin hular kwano guda ɗaya, mai baƙin gilashi, ta darakta. Kawu ne ya fara bayarwa. Ya roƙa a nemo mafi girma a kasuwa, don ya san kan ɗan 'yar'uwarsa.