Yadda Aka Gyara Sunan Ƙurumba

A wani daji mai babbar kasuwa a gindin kuka, akwai wani man shafawa da dabbobi ba sa wasa da shi. Maganin kaushi ne da faso. Idan rani ya tsananta kofato ya tsage, shafa biyu sai ka ga barewa ta koma tsalle. A kwanson katantanwa ake zuba shi, kuma Shamuwa ce ke ɗauko shi duk farkon damina daga wani tafki mai nisa, inda kwaɗi ke haɗa shi.

A dajin ana kiran man nan Kiyurumba. Aku, Wakilin Harshe na majalisar kasuwa, shi ya tsayar da wannan lafazi. Ya ce a ja "kiyu" ɗin ta hanci, a ɗan lumshe ido, sannan a saki sauran a hankali. Manyan dajin suka ƙware. Raƙumin Dawa har ya daina amsa gaisuwar Gafiya tun ranar da ya ji ta ce "karamba".

Wata damina sai Shamuwa ta sauka da baƙuwa a bayanta, wata kwaɗuwa mai suna Lumbi. Mahaifiyarta ce ta ƙirƙiro man, aka kuma sa masa sunan mahaifiyar. Tsohuwar ta rasu a ranin da ya wuce, shi ya sa Lumbi ta jure doguwar tafiya a sama, don kawai ta ji sunan uwarta a bakin waɗanda ya warkar.

Tana tsugune gefen rumfar Bushiya mai sayar da man, sai ga Barewa ta iso tana yanga.

"Bushiya, ba ni Kiyurumba biyu, sabon kawowa."

Lumbi ta zabura har ta kifar da kwanso uku. Kafin ta dawo hayyacinta, wata Gada ta kwaɗa wa ɗanta kira: "Zo nan in shafe ka da Kiyurumba!" Can kuma Zakara sanƙira ya hau kututture yana shela: "Kiyurumba ta iso! A shafa wa yaro, a shafa wa amarya!"

"Wayyo ni!" in ji Lumbi, idanunta a waje. "Me kuke faɗa haka? Ƙurumba ne sunan. Ƙu-rum-ba!"

Barewa ta dafe ƙirji. Zakara ya tsaya da baki buɗe, rabin shela a maƙogwaro.

"Baiwar Allah," in ji Bushiya cikin raɗa, "rufa wa kanki asiri. Ko Gafiya ba ta taɓa ɓata sunan nan haka ba."

Kafin rana ta take tsaka an gurfanar da Lumbi gaban majalisa, bisa laifin wulaƙanta sunan haja mai daraja a bainar jama'a. Gwanki, Sarkin Kasuwa, ya ba Aku dama ya fara.

Aku ya gyara fuka-fukai ya ce, "Ranka ya daɗe, shekara tara ina hidimar kalmar nan. Na same ta ɗanya, na goge ta, na sa mata ladabi, har ta zauna a bakin manya. Yau wannan baƙuwa, wadda ko gaisuwarmu ba ta iya ba, ta zo ta tofo ta daga maƙoshi kamar mai shaƙuwa. Yara na wurin, ranka ya daɗe. Sun ji. Idan muka bar kowa ya faɗi suna yadda aka haife shi da shi, da me za a bambanta wanda ya waye da wanda bai waye ba?"

Manya suka gyaɗa kai. Gwanki ya dubi Lumbi. "Baƙuwa, me za ki ce?"

"Ranka ya daɗe, Ƙurumba uwata ce. Ita ta haɗa man nan da hannunta, shekara da shekaru, har yatsunta suka ƙage. A harshenmu sunanta na nufin ruwan farko da ke sauka bayan fari. Abin da kuke faɗa kuwa, mu ma muna da kalmar. Kiyurumba shi ne mushen da ya kumbura ya taso saman ruwa. Ba ma faɗarsa gaban yara. Yau na ji uwa tana kiran ɗanta ta shafe shi da mushe. Na ji ana shelar a shafa wa amarya. Kwana arba'in ɗin uwata bai daɗe da wucewa ba. Ban zo neman komai ba, sai dai a kira ta da sunanta."

Wani irin salati ya tashi. Barewa ta shiga goge ƙafarta a ciyawa. Gada ta janyo ɗanta tana shinshina shi. Na ɗan lokaci kamar gaskiya za ta samu wurin zama.

Sai Raƙumin Dawa ya sunkuyo daga sama ya ce, "To, ashe harshen nasu ne ke da matsala."

Aka sauke ajiyar zuciya ko'ina.

Gwanki ya kira Shamuwa shaida, tunda ita ta fara kawo sunan. Shamuwa ta tsaya da ƙafa ɗaya, ta canza zuwa ɗayar.

"Ranka ya daɗe, ni 'yar kasuwa ce. Ranar da na fara kawo shi na ce Ƙurumba, babu wanda ya waiwayo. Da Malam Aku ya ce Kiyurumba, kafin la'asar babu kwanso ko ɗaya da ya rage. A can ina faɗa irin tasu, a nan ina faɗa irin taku. Ban taɓa zaton ɓangarorin biyu za su haɗu ba."

"Amma ke kika goyo ni!" in ji Lumbi.

"Na ɗauka ba za ki saurara sosai ba."

Aku ya ɗaga murya. "Kuma ko da mun so, ranka ya daɗe, bakinmu ba a yi shi don wannan ƙarar ba. Babu ɗan dajin nan da zai iya furta ta."

Daga bayan taro wani tsohon kunkuru, wanda bai taɓa magana a majalisa ba, ya miƙo wuya.

"Ƙurumba," ya ce. Ya dubi Lumbi. "Haka ne, 'yata?"

Lumbi ta gyaɗa kai. Hawaye kawai suka zubo mata.

Majalisa ta kaɗu fiye da ɗazu. "Baba Kunkuru!" in ji Barewa. "Da girmanka?" Aku ya yi maza ya bayyana cewa kunkuru dangin 'yan ruwa ne ta wajen uwa, don haka ba a kafa hujja da bakinsa.

Gwanki ya dubi kofatansa, waɗanda man nan ne ya raba su da faso. Sannan ya yanke hukunci.

"Majalisa ta ji tausayin baƙuwa, ta kuma yafe mata, tunda jahilci ne ba ganganci ba. Sunan haja zai tsaya yadda aka san shi, don canza shi zai rikita masu saye. Muna miƙa ta'aziyyarmu bisa rasuwar marigayiya Kiyurumba. Magatakarda, rubuta sunan baƙuwar. Yaya ma sunan naki?"

"Lumbi."

"Liyumbiya," in ji Aku ga magatakarda. "Ja shi ta hanci."

Washegari da hantsi Lumbi ta hau bayan Shamuwa. Kunkuru kaɗai ya zo rakiya. Ya tambaye ta ko za ta hana su man.

"A'a, Baba," ta ce. "Don ƙafafu uwata ta haɗa shi, ba don bakuna ba. Amma ni ba zan sake zuwa ba."

Abin ya tsaya wa majalisa a rai, ganin cewa akwai al'umma guda da ke haɗa haja mai kyau haka amma ba ta iya faɗin sunanta ba. Saboda haka a daminar da ta biyo baya aka tura Aku tafkin, kyauta, ya koya musu. Kullum da safe yakan hau wani reshe da ke saman kabarin tsohuwar, ya lumshe ido, ya ja kalmar ta hanci da ƙarfi sau ɗari, ya ce a maimaita.

Matafiya sun ce duk tsawon daminar nan ba a ji kukan kwaɗo ko ɗaya a tafkin ba. Aku ya dawo ya shaida wa majalisa cewa bai taɓa samun ɗalibai masu natsuwa irin waɗannan ba.