Ranar da Na Shigar da Mma Azara ta Ƙofar Baya

Ba zan taɓa mantawa ba da wata Asabar da bakina ya kusa raba ni da aikina, da na tashi ceton aikin kuma sai bakin ya sake yi mini ɓarnar da ta fi ta farko.

Lokacin ina sakatariya a wani kamfanin fiton kaya a Tema, ina cikin wata na uku na gwaji. Litinin mai zuwa za a san matsayina: ko a miƙo mini takardar tabbatar da aiki, ko a ce an gode. Shekara biyu na yi ina yawo da takardu a jaka kafin in samu wurin nan, don haka ko tari shugabanmu Mista Ofori ya yi, sai gabana ya faɗi.

A ƙarshen makon ne kamfani ya kai mu taron kwana biyu a wani otal na bakin teku, can bayan gari. Ni na shirya komai, ɗakuna da mota da abinci, kuma sunana ne a takardun otal ɗin. Tun a mota Mista Ofori ya ja mana kunne. Ya ce dokar wurin a fili take: wanda ya kama ɗaki da kansa yana iya kawo mutum biyu tafkin iyo idan ya rubuta sunayensu tun da wuri, amma 'yan taro irinmu ba su da wannan damar ko kaɗan. Bara wani ma'aikaci ya gayyato abokansa, aka yi rigima, kuma yanzu ba ya tare da mu. Ya ce duk wanda ya shigo da baƙo da sunan kamfani, ya haɗa kayansa. Ni ce ma na fi kowa gyaɗa kai.

Da muka isa aka ɗaura wa kowa wata shuɗiyar roba a hannu, alamar cewa kai ɗan gida ne. Bayan la'asar na je bakin tafkin, na tsoma ƙafa (iyakar iyona ke nan, ni da ko a baho sai na riƙe baki), na ɗauki hoto, na tura guruf ɗin gidanmu na unguwar Nima. A ƙasa na rubuta: "Bismillanku."

To, a gidanmu mai ɗaki goma sha huɗu, ko gyaɗa kake ci ba ka kai ta baki ba ka yi wa mutane bismilla ba. Kowa kuma ya san amsar: a ce maka an gode, ka ci gaba da abinka. Da abin ya tsaya nan, da an wuce wurin. Sai Rukaya ta ɗakin kusa da famfo ta rubuto cewa hoton sata ne, wai a waya na tsinto shi. Raina ya ɓaci. Nan take na tura sunan otal, da inda ake hawa mota, da inda ake sauka, har da shagon da za ka gani kafin ka karya kwana. Na ƙara da cewa mai shakka ya zo ya gani da idonsa.

Abin da na manta shi ne Mma Azara ba ta karatu, karanta mata ake yi. Yayar mahaifiyata ce, ita ta ɗauke ni ina 'yar shekara shida bayan rasuwar uwata, kuma da tukunyar waakye (shinkafa da waken nan namu) da take sayarwa a bakin titin Nima ta kai ni har na gama makaranta. Wadda ta karanta mata saƙon ta taƙaita shi ne kawai: "Ta ce mu zo, ga kwatance ma."

Asabar wajen sha ɗaya na safe, ina cikin zauren taro ina rubuta abin da ake faɗa, sai wata ma'aikaciyar otal ta raɗa mini cewa ana nemana a geti.

Trotro, motar hayar nan tamu, guda suka cika. Mma Azara ce ta fara saukowa, cikin leshinta ruwan gwal na Sallah, da mayafi sabo fil. Sai ƙawarta Mma Fati, da wasu mata uku, da Rukaya mai shakka, da yara takwas. Aka sauke manyan kuloli biyu, da tabarmi, da buta, da tiyub ɗin tayar mota da aka hura. Mma ba ta zuwa wurin mutum hannu biyu, ko asibiti ne. Kuma Asabar ce, ranar da ta fi ciniki, matar da ban taɓa ganin ta rufe rumfa ba sai don Sallah ko rasuwa.

"Ei, ku ga ɗiyata!" ta ce da ƙarfi, tana taɓa katin aikin da ke rataye a wuyana. "Fati, kin gani? Har da hotonta a jiki."

Mai gadin wani dattijo ne Bazabarme, ɗan unguwar Kotobabi. Ya ja ni gefe.

"Ɗiyata, ba su da roba. Doka ce, ba ni na yi ta ba kraa. Amma ki ji: bi ta wannan hanyar, ga bakin teku nan na kowa da kowa, ba geti, ba mai gadi. Kai su can su sha iska, in kun samu hutu ki je ki gaishe su."

Wallahi shawarar ba ta da aibu. Da mai hankali aka ba, da labarin ya ƙare nan. Amma na waiga na ga Mma tana gyara ɗauri tana leƙen cikin otal ɗin, ga Rukaya ta harɗe hannu tana jira ta ga iyakata. Yaya zan buɗe baki in ce wurin da na yi wa mutane bismilla ba ni da ikon shigar da ko kaza?

"Baba, ka taimaka," na ce.

"Ko kulolin nan ma ba sa shiga," ya ce, "sai in kamfani ne ya ɗauko masu abinci daga waje."

Na ji maganar ta faɗo mini a kai kamar an aiko ta.

"Ai su ne, Baba. Masu abincin da kamfani ya ɗauko ke nan."

Ya dubi leshin gwal, ya dubi tiyub ɗin taya, ya dube ni. "Yaran fa?"

"Masu wanke-wanke ne."

"Yoo," ya ce, ya miƙo mini littafi. "Sa hannu a nan, tunda sunanki ne a takarda. Masu aiki ta baya suke shiga."

Haka na ja su muka zagaya ta ƙofar kicin, ta gefen kwandunan shara. Mma ta tattare leshinta ta tambaye ni me ya sa ba mu bi ta ƙofar gaba mai furanni ba. Na ce wannan ce ta manyan baƙi, ba a bin layi. (Har yau in na tuna wannan amsar sai in ji kamar in nutse.) Na zaunar da su ƙarƙashin bishiyoyin kwakwa a bayan kicin, na roƙe su kada kowa ya motsa har in dawo. Dabarata ita ce, da an ba mu hutun rana in zo mu ci abinci tare, in ce musu ana wanke tafkin yau, in sallame su lafiya.

Na koma zaure. Abin da ban lura da shi ba tun jiya shi ne, bangon zauren na gefe gilashi ne zalla, kuma tafkin yake kallo. Mista Ofori ya ba gilashin baya yana bayani, ni kuwa ina fuskantarsa.

Minti goma ba a yi ba na hango tiyub ɗin taya yana gangarowa shi kaɗai. Bayansa yara biyu. Bayansu sauran shidan. Alƙalamina ya tsaya cak. Na ga Mma Fati ta shimfiɗa tabarma tsakanin wasu Turawa biyu da ke kwance suna shan rana. Na ga Rukaya tana ɗaukar kanta hoto ta kowace kusurwa. Na ga Mma Azara ta zauna a kujerar bakin ruwa, ta cire takalmi, tana ba yara umarni da hannu. Sai yaron farko ya faɗa ruwa, tsulum, sauran suka bi shi. Mai kula da tafkin ya fara busa usur.

"Kin rubuta wannan?" in ji Mista Ofori.

"Na rubuta, ranka ya daɗe." Ban san ma me ya faɗa ba. Ina ta addu'a a zuci kada ya waiga, ina yi wa Allah alkawura iri-iri.

Bai waiga ba. Manajan otal ne ya ƙwanƙwasa ƙofa, ya ce yana son ganin shugaban taro da wadda ta sa hannu a littafin geti.

Duk zauren aka fito, don ba wanda yake son a ba shi labari. A bakin tafkin manaja ya nuna yaran da ke ɗiga ruwa, ya ce ga mutum goma sha huɗu ba roba, an shigo da su da sunan kamfaninmu a matsayin masu abinci, kuma shi bai taɓa ganin masu abinci a cikin ruwa ba. Mista Ofori ya juyo gare ni a hankali. Fuskarsa ba fushi, ba fara'a, irin wadda ta fi ban tsoro.

Daidai lokacin Mma ta hango ni. Ta miƙe da murna, ta buɗe hannu ta nufo ni.

"Su waye waɗannan?" ya tambaye ni. "Baƙinki ne?"

Na tuna Litinin. Na tuna shekara biyun nan. Sai na amsa da Turanci, da sauri, wai don kada Mma ta gane: "A'a, ranka ya daɗe. Masu sayar da waakye ne na ɗauko daga Nima, don a canza wa ma'aikata abincin rana."

Kun ji wautata. Matar da ta shekara talatin tana ciniki a bakin titi da 'yan Ga da Asante da 'yan sanda da 'yan makaranta, ita zan ɓoye wa magana da Turanci.

Ta tsaya, taku uku tsakaninmu. Hannayenta suka sauka. Ta dube ni, ba harara, kallo kawai, kuma na gwammace a ce mari ta kai mini a gaban kowa. Sannan ta zare sabon mayafin daga kafaɗarta, ta ɗaure shi tamau a ƙugu kamar yadda take yi a rumfa.

"Ku fito daga ruwan mutane!" ta daka wa yaran tsawa. "Aiki muka zo ko wasa? Fati, ɗauko kula." Ta juya ga manaja, ta ba shi haƙuri da yaren Twi, ta ce yara ne ba su taɓa ganin ruwa mai launi ba. Sai ta dube ni.

"Madam, a ina za mu zuba?"

Abincin da ta tashi tun kafin asuba ta dafa mini, shi ta raba wa ma'aikata ashirin, da soyayyen yajin nan shito da taliya da garin rogo da ƙwai. Manaja ya yi ƙunƙuni ya tafi. Mista Ofori ya ci faranti biyu, yana sharce gumi yana cewa irin ma'aikatan da yake so ke nan, masu tunani ba sai an ce su yi ba. Har tafi aka yi mini. Ni ce ta ƙarshe a layi, kuma da na miƙa farantina Mma ba ta ɗago kai ba.

"Madam, da ganda ko babu?"

Tun ina 'yar shekara shida take ɓoye mini ganda a gefen tukunya. Na ce da ganda. Ta zuba mini.

Ta ƙofar baya suka fita, yaran ko minti biyar ba su yi a ruwan ba. Ranar Litinin aka ba ni takardata. Daga ofis ban zarce ko'ina ba sai rumfar Mma. Na durƙusa a gefen benci, gaban masu saye, na fara ba da haƙuri ina kuka shaɓe-shaɓe. Ta bar ni har na gama.

"Kin ɗauka ban san doka ba?" ta ce tana kankare gindin tukunya. "Ni ma rumfata da dokarta. Da kin ce, 'Mma, wurin nan ba su yarda ba,' da mun je bakin teku mun ci abincinmu, mu dawo mu ce mun ga inda kike aiki. Wa zai mutu? Aikinki na fi ki son shi paa. Amma ki bar ni ni in zaɓi ɗaura ɗamara, ba ke ki ɗaura mini ba." Ta miƙo hannu. "Kawo takardar in gani."

Ta riƙe ta a juye, ta shafa, ta yi mata addu'a. Ta yafe mini, amma sunan bai tafi ba. Yau shekara uku, duk gidanmu Madam ake kirana, har jariran da aka haifa bayan abin.

Kuma kowace shekara in taro ya zo, Mista Ofori sai ya ce a ɗauko "matar waakyen nan". Bara na gaji, na faɗa masa ko wace ce. Ya ce ai tun ranar ya gane, don goshinmu ɗaya. Da na je gayyatar Mma ta ce za ta zo, amma da sharaɗi: a rubuta sunanta tun da wuri, a ɗaura mata shuɗiyar roba, kuma ta ƙofar furanni za ta shiga. Haka aka yi. Ni na ɗauko kulolin a ka, na bi ta baya.

Yanzu in na je wuri mai geti, nakan fara karanta dokarsa kafin in ɗauki hoto. Bismilla kuwa ina nan ina yi, don tarbiyya ce, amma ban ƙara haɗa ta da kwatance ba.