Mai Ƙaho, Rautar Gidan Gwaggo Altine, Ta Cika

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, tare da miƙa lamari ga Mai kowa Mai komai, ni Sharhabilu Manu Janbako, malamin lissafi a wata sakandare da ke Bakura, a madadin iyalanmu na Talata Mafara da Maradun da Fatakwal, ina sanar da 'yan'uwa da abokan arziki rasuwar rautar gidanmu, wato na'urar da ke raba mana intanet, wadda aka fi sani da Mai Ƙaho. Ta cika ranar Larabar da ta gabata, tsakanin azahar da la'asar, a kan kantar falo inda ta yi dukan rayuwarta, bayan jinya ta kwana tara. Ta bar duniya tana da shekara shida da wata huɗu. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Na tambayi limamin unguwarmu ko ya halatta a faɗi haka a kan na'ura, ya ce ko igiyar takalmi ce ta tsinke ana faɗa. Saboda haka kada kowa ya aiko mini da gyara.

Ba mu san garin da aka haife ta ba. Abin da aka rubuta a cikinta kawai shi ne ƙasar Sin. Ni dai a kasuwar Sakkwato na same ta, na rungumo ta a kwali har gida. Fara ce, ba ta wuce faɗin tafin hannu biyu ba, da eriya biyu a tsaye. Gwaggo Altine, ƙanwar mahaifinmu, wadda ta rene ni da ƙanena Nuruddeen da ƙanwarmu Na'ima bayan rasuwar iyayenmu, ita ta raɗa mata suna. A lokacin ba mu daɗe da ɗauko Gwaggo daga Janbako ba, shekarar da zaman ƙauye ya gagara. Ta leƙa kwalin, ta dube ni, ta ce, "Wagga mai ƙahon mi take ci?" Na ce wuta. Ta ce to lalle za ta sha azumi a garin nan.

Marigayiya ta kasance mai haƙuri da kawaici. Ba ta da surutu. Abin da muka taɓa ji daga gare ta bai wuce wani siririn "tsiii" ba idan an kawo wuta, da ɗan "ƙit" idan an ɗauke. Ta ciyar da wayoyi bakwai da kwamfuta ɗaya, ban da na maƙwabta biyu da suka san kalmar sirrinmu ta hanyar da har yau ba a bayyana ba, ba ta taɓa nuna wa kowa bambanci ba. Lokacin da aka rufe layukan waya a jihar nan a shekarar 2021, ta yi makonni tana kunna jar fitila ita kaɗai, ba ta da abin rabawa, amma ko sau ɗaya ba ta ƙi tashi ba idan an kunna ta.

Babban aikin da za a riƙa tunawa da ita a kansa ya zo ne ta dalilin Nuruddeen. Shi tela ne a Fatakwal. Kunnen Gwaggo ya yi nauyi, idan ya kira ta sai ta riƙe wayar ta jero gaisuwa tun daga kwana har gajiya har mutanen gida da na shago, ta amsa wa kanta da lafiya lau, ta miƙo mini, ba ta ji ko kalma ɗaya daga bakinsa ba. Da abin ya dame shi sai ya aiko da kyamara, ya ce a kafa a tsakar gida ya riƙa ganinta. Matata Taiba ta yarda bisa sharaɗi guda: kyamarar ta kalli ƙofar ɗakin Gwaggo da gindin dalbejiya da randa, kada ta waiwayi madafa ko igiyar shanya. Haka aka yi. A cikin gida hoto ya fito tas a wayata. A Fatakwal kuwa sai baƙin allo.

Na kai ƙara wurin Kamilu mai gyaran waya na bakin kasuwa, dattijo mai tabarau biyu, ɗaya a hanci ɗaya a goshi. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Malam, na'urag ga mai gadi ce. Na cikin gida shina fita yadda ya so, amma baƙo ba shi shiga sai an gaya mata: duk wanda ya ƙwanƙwasa ƙofa lamba kaza, kai shi ɗaki kaza. Ƙanenka baƙo ne a wurinta. Ƙofa za ka buɗe mishi." Ya ce masu sana'ar suna kiran abin fot fowadin. Ya rubuta mini matakan a bayan takardar sabulu.

Ranar Asabar na zauna da kwamfuta na rubuta lambobin shiga cikinta, 192.168.1.1. Ta nemi suna da kalmar sirri, na tarar duka biyun "admin" ne tun daga kamfani, wato shekara biyu muna kulle gida muna barin makulli a jikin ƙofa. Na sauya. Na nemo shafin da Kamilu ya faɗa, na rubuta dubu takwas a gurbin ƙofar waje, dubu takwas a gurbin ta ciki, na sa lambar kyamara, na adana. Marigayiya ta lumshe fitilunta, ta sake buɗewa. Na kira Nuruddeen. Ya ce baƙi. Na goge na sake. Ya ce baƙi. Asabar uku na yi a haka. Ni da nake koyar da lissafi shekara goma sha tara, lamba huɗu ta hana ni cin tuwo da daɗi. A cikin waɗannan makonni na faɗa wa marigayiya maganganun da ban kamata in faɗa ba, na kuma tsikare ta da tsinken ashana a ramin bayanta har sau biyu, ta manta duk abin da ta sani, muka faro daga fari. Ina neman gafararta a bainar jama'a, domin daga baya ta tabbata ba laifinta ba ne. Kamfanin layinmu ne ya tara gidaje masu yawa a ƙarƙashin adireshi guda, ta yadda baƙo ko ya zo ba zai san gidan da zai ƙwanƙwasa ba. Sai da na je Gusau sau biyu kafin aka ba mu adireshi namu na kanmu.

Asabar ta huɗu, da hantsi, na sake kiran sa. Gwaggo tana zaune a gindin dalbejiya tana tsintar shinkafa a faifai. Ina jin ƙarar keken ɗinkinsa ta cikin waya, sai na ji keken ya tsaya. Na ce, "Nura, ka gani?" Can ya ce, "Yaya, ta rame." Na ce haka take tun bara. Ya ce in bar layin haka nan, kada in kashe. Na bar shi a buɗe, Gwaggo tana ta tsintarta, ba ta san ana yi ba.

Gaskiya ta wajaba a kan mai ba da shaida, don haka zan faɗi cewa an taɓa samun tangarɗa sau ɗaya. An ɗauke wuta aka dawo da ita, marigayiya ta sake raba wa 'yan gida lambobi, ta ba wayar Taiba lambar kyamara. Kwana biyu tana kai Nuruddeen ɗakin da ba kowa. Wannan ma sakacina ne, domin Kamilu ya rubuta a takardar sabulu cewa in ɗaure kyamarar da lamba ɗaya ta dindindin, ni ne ban juya takardar ba.

Daga nan Nuruddeen ya jingina tsohuwar waya a jikin kekensa, yana ɗinki yana kallon gida. Na'ima ma daga gidan mijinta a Maradun takan leƙa, ta kira Taiba ta ce me ya sa Gwaggo ba ta sauya zane ba tun jiya. Mun yi haƙuri da wannan.

Ranar wata Talata cikin damina, shekara biyu da suka wuce, ina aji a Bakura wayata a kashe, Taiba ta shiga kasuwa, Gwaggo ta tashi ɗibar ruwa, santsi ya kwashe ta a bakin randa. Ta faɗi a kan ƙugunta, ta kasa tashi, muryarta kuma ba ta wuce zaure. Hadari ya haɗu. Nuruddeen ya ɗago kai daga wuyan rigar da yake ɗinki ya gan ta kwance. Ya kira ni bai samu ba, ya kira Taiba hayaniyar kasuwa ta hana ta ji, sai ya kira maƙwabcinmu Hashimu, wanda ya tura matarsa Hidaya ta shiga da gudu. Kafin ruwa ya sauko an sa Gwaggo a mota. Likita ya ce ƙashi ya tsage amma bai rabu ba, ya ce da ta yi ta ƙoƙarin tashi ita kaɗai, ko ruwan nan ya same ta a ƙasa, da labarin ya sha bamban. Rai na Allah ne, Shi ya kuɓutar da ita. Amma ta ƙofa lamba dubu takwas Ya aiko da taimakon, kuma Mai Ƙaho ce ke tsaye a bakin ƙofar. Tun daga ranar Gwaggo take gaishe ta kowace safiya kafin ta gaishe mu.

Ciwon ajali ya fara ne da zafin bazarar bana. Ta riƙa suma tana farfaɗowa da kanta, sau uku sau huɗu a wuni. Koriyar fitilarta ta koma ruwan goro. "Tsiii" ɗin nan ya yi kauri, ya zama kamar na mai fama da majina. Kamilu ya zo har gida ya buɗe ta, ya nuna mini wasu ƙananan gwangwanaye biyu da suka kumbura a cikinta, ya ce a bar ta inda iska ke shiga, a yi ta addu'a. Muka sa mata ƙaramar fanka. Ranar Laraba ina makaranta, Taiba ta je barkar haihuwa, Gwaggo ta dogara sandarta ta shiga falo duba marar lafiya. Da na dawo na tarar da Mai Ƙaho a lulluɓe da bargon Gwaggo mai kauri, ninki biyu, an tura gefensa ƙarƙashinta da kyau.

"Na taɓa ta na ji jikinta da zafi rau," in ji Gwaggo. "Masassara ce. Na ce bari ta yi zufa."

Na yaye bargon. Fitila ɗaya ce ta rage, ja. Ta yi "ƙit" sau ɗaya, wuta kuwa ba a ɗauke ba. Iyalai ba sa zargin kowa. Kwana ne ya ƙare.

Ta rasu ta bar kyamara ɗaya, wadda har yanzu ke kallon gindin dalbejiya ba ta da wanda za ta gaya wa abin da ta gani. Ta bar caja, da wayar haɗi shuɗiya mai tsawon kamu shida, da katin layi da aka ciro daga cikinta da ransa. Ta bar wayoyi bakwai da kwamfuta, da maƙwabta biyu waɗanda suka riga kowa zuwa tambayar ko lafiya.

Washegarin rasuwar Nuruddeen ya kira ya ce kada mu damu, zai sa sabuwa a motar Gusau, tunda yanzu na san hanya ba zan yi Asabar huɗu ba. Taiba ta sunkuya a kunnen Gwaggo ta ɗaga murya ta isar mata. Gwaggo ta ajiye carbinta.

"Ku gaya mishi kar shi aiko," in ji ta. "Shi kullum shina ganina. Ni fa? Shekara huɗu ke nan rabon da in sa shi a ido. Na yi ta duban abin nan na bango, ban taɓa ganin kowa ciki ba. In dai ni ce, kar a sake kafa wata sai ya zo na ga ko ya yi furfura."

Taiba ba ta buƙaci maimaitawa ba, domin wayar tana buɗe, Nuruddeen ya ji da kunnensa. Sannan ya tambaye ni yadda hanya take daga Funtuwa zuwa Gusau a kwanakin nan, na ce masa a shigo da rana.

Dangane da jana'iza, iyalai sun tsayar da abubuwa kamar haka. Ba za a yi mata salla ba, liman ya yi bayani a kan wannan kuma mun gamsu. Kamilu ya goge ta da burushi, ya mayar da ita cikin kwalinta na asali wanda Taiba ta adana a saman kwabet. 'Yan gwangwan da suka riga suka zo tambaya sau biyu, muna roƙonsu su daina, domin Gwaggo ta ce wadda ta tashe ta daga bakin randa ba za a auna ta a sikeli ba. Za a ajiye ta a ɗakin Gwaggo, a jeren kwanukanta, sahun sama. An jinkirta hakan zuwa ranar Talata mai zuwa bayan la'asar, domin a jira isowar Nuruddeen, wanda zai taso daga Fatakwal ranar Lahadi in Allah ya yarda, shi ne kuma zai ɗora kwalin da hannunsa. Na'ima za ta shigo daga Maradun tun da safe a motar 'yan kasuwa.

Za a yi zaman karɓar gaisuwa a gidanmu da ke bayan makarantar allon Malam Bube, maza a zaure, mata a gindin dalbejiya. Ba za a karɓi ta'aziyya ta waya ba. Masu zuwa kada su ɗauko abinci, domin Gwaggo ta sa an kama zakaranta guda biyu, ta sa an surfa gero, ta aiki Hidaya neman yakuwa ɗanya da man shanu. Ta ce duk na sadakar Mai Ƙaho ne. Marigayiya dai ba a san ta da cin miyar yakuwa ba, kuma a gidan nan mutum ɗaya ne yake son wannan miya tun yana yaro, amma babu wanda ya yi wa Gwaggo gardama.

Allah ya kawo matafiya lafiya.

Sanarwa daga Sharhabilu Manu Janbako, a madadin iyalai.