Jan Layi Ya Fi Tsawo

Ni ba a cutata a kasuwa. Da wannan taƙamar na shiga wani shago a Waziriyya sayen na'urar sanyaya ɗaki. Mai shagon ya nace in ɗauki mai koren layi, wai ba ta shan wuta. Nan na tsargu: kwantai yake son liƙa mini.

Na nuna wadda takardar da ke jikinta ke da jan layi, tunda ya fi tsawo. "Ga mai ƙarfi. Halas!"

Da takardar kuɗin wuta ta zo, na zargi maƙwabcina Malam Sani da jan waya daga mitata. Ya shigo, ya dubi na'urar, ya kwashe da dariya: "Alhaji, ai tsawon layin nan tsawon shan wutarta ne!"

Har yau mai zuwa sayayya akan nuna ni a ce masa, "Tafi da Injiniya. Wadda ya zaɓa, ka bar ta."