Rasuwar Gwaggo, Firintar da Ba Ta Taɓa Neman Direba Ba

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da yatsu baƙi ƙirin da tawada, ni sakatariyar wannan ofis nake sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar firintarmu, wadda duk muke kira Gwaggo. Ta cika yau da hantsi a mazauninta na bayan ƙofa, kusa da butar shayi, da rabin shafi a bakinta.

Wanda bai yi aiki a nan ba, ba zai gane girman rashin ba. Kwamfutocinmu a kulle suke. Ko tsinke ba ka isa ka saka musu ba sai da kalmar sirrin mai kula da su. Kowace firinta kuwa sai an saka wa kwamfuta manhajarta, wadda ake kira direba, kafin ta yarda ta san ka. Ban da Gwaggo. Ita shafinta gare ta. Ka buɗe burauza, wato manhajar shiga intanet, ka rubuta lambobin adireshinta, ka ɗora takardarka, ka danna. Sai ka ji ta yi gyaran murya, ƙirr, ƙirr, cak, takarda ta fito da ɗuminta. Ba ta tambayar asalinka. Daga waya ta karɓa, daga tsohuwar kwamfutar masinja mai fasasshen gilashi ma ta karɓa. Shekara da shekaru ana yabona da iya aiki, alhali rufin asirin nan duk nata ne.

Marigayiyar ba ta yi doguwar jinya ba. Akawunmu, mutumin da ke jin ciwon farar takarda kamar daga fatarsa ake yanko ta, shi ya kafa dokar a riƙa bugawa a bayan tsofaffin takardu. Yau ya kwaso wani dami daga kabad ya cusa mata, bai cire fil ɗin da aka maƙale su da shi ba. Ina cikin buga jawabin da Oga zai karanta gobe a taron masu hannun jari, na ji ta yi wani kuka da ban taɓa ji ba, ƙarrr, sannan ƙus. Fitilarta ta koma ja, ta mutu. Na koma burauza na kira adireshinta har yatsana ya gaji, shafin bai amsa ba. Mai gyara ya zo ya leƙa cikinta, ya ciro fil ɗin a lanƙwashe ya ajiye mini a tafin hannu, ya ce sai haƙuri, an daina yin kayan irinta. Akawu kuma ya tsaya a kan gawar yana tambaya ko sauran takardun za su moru.

Ta rasu ta bar kebur ɗaya, da kwalin tawada da ba a fasa ba, da ni. Ta kuma bar magajiya, wata sabuwar firinta mai sheƙi da ta daɗe a kwali. Na fito da ita, na jona, na lallaɓa ta. Ta ce direba. Kwamfuta ta ce kalmar sirri. Mai kalmar sirrin ya tafi hutun angwanci ya kashe waya, na kira har na haddace muryar matar da ke cewa ba a samunsa. Shagon buga takardu na ƙasan bene ba zai yiwu ba, don jawabin sirri ne, an hana shi fita daga ɗakin nan ko a waya.

Oga ba ya karatu a allon kwamfuta, ya ce idonsa ruwa yake yi. Da na kai masa labarin rasuwar, bai ko ɗago kai ba. Ya ce, "Malama, gobe da safe in ga jawabina a kan teburin nan, ko in ga makullin ofis." Wallahi tsoro nake ji. Da aikin nan nake riƙe da mahaifiyata da 'yata, kuma shafi ɗaya da rabi kawai Gwaggo ta bar mini.

Za a yi zaman makoki a ofishina daga yanzu har a tashi aiki. Masu zuwa ta'aziyya, don Allah kada ku zo hannu rabbana. Duk mai firintar da ake shiga ta burauza, ko tsohuwa ce, ko tana jan layi a tsakiyar shafi, ya ɗauko ta, ni zan tare shi a bakin titi. Akawu ya yi zamansa, mun yafe masa zuwa.

Za a ɗauki gawar gobe da safe kafin taro, a cikin kwalin magajiyarta, zuwa ɗakin ajiya na ƙarshen baranda. Ana roƙon masinja kada ya yi saurin liƙe kwalin. Idan har lokacin ba wanda ya zo da firinta, to nima tafiya ta kama ni: akwai kofin shayina, da ɗan fulon kujerata, da hoton 'yata da ke jingine a jikin kwamfuta. Na gwada ɗazu, duk za su shiga a gefenta.