Gyaran da Mudi Ya Yi wa Sikirif

"...da mutanen Gwarzo? Da baiwata mai digiri?" in ji Mudi.

"Lafiya lau, bawan gidanmu. Ina aikina?"

Duk masu shiga shagon buga takardu na Mudi a Kabo, Zinnira ce kaɗai ta kula da abin da ke ƙarƙashin gilashin teburinsa: takardar gurbin jami'a, har ta yi ja. Rasuwar babansa, wato kawunta, ita ta hana shi tafiya.

Kwamfutarta ce ta mutu, sai ta rubuta sikirif ɗin shel, wato jerin umarnin da ake ba kwamfuta, da biro, ta aiko wa taubashin nata ya buga. Jarrabawar ɗaukar aiki ce, ƙarfe huɗu za a rufe, ita kuwa shekara uku ke nan tana zaman gida.

Ta gwada a kwamfutarsa. Tun a fankshin na farko, wato rukunin umarni na farko, kwamfutar ta ce akwai kuskure.

"Mudi, ina bakar da ke rufe fankshin ɗin?"

"'Yar ƙugiyar nan? Na gan ta ita kaɗai a layi kamar marainiya, na kai ta wajen 'yan'uwanta."

"Layi shida ka mayar ɗaya?"

"Ni ba na ɓarnar takarda. Har aya na sa miki, da manyan baƙaƙe. Takardar kansila ma haka nake gyara ta."

"Wasiƙar neman aure na ba ka? Bayan bakar buɗewa sai an bar sarari, ta rufewa kuma layinta daban!"

"Yau ga inji mai tsirfa. Shekara huɗu kina cinye mana masara a jami'a, ƙugiya ɗaya ta kayar da ke!"

"Gara ni, na shiga. Wani ko ƙofar bai gani ba."

Ta so a ce ta haɗiye maganar. Mudi ya dubi gilashin.

"Haka ne," ya ce. "Ni gona na gani."

Ya tashi ya ba ta kujerar, ya juye ɗan sauran mai a janareta, ya ɗauki takardarta. Yana karantowa layi-layi, tana bugawa. Da ta sake gwadawa, fankshin ɗin ya yi aiki. Saura minti tara ta tura.

"In sun ɗauke ki," ya ce da dariyar yaƙe, "ki ce musu bawanki ne ya karanto miki."

"Na sallama. Yau kai ne ubangida."

Ta ɗauko tsintsiya a bayan ƙofa, ta share masa shagon.