Muryar Malam a Ɗakin Kowa

"…lahiya lau, ragon miji. Sai da hantsi yad dubi ludayi kat tuna kana da mata?"

"Amarya, ai jira na yi ki gama neman haƙoranki."

"Haƙorana na nan inda gemunka ya ɓuya."

Hajiya Saude ce da jikanta Sadiq, a gindin ɗorawar tsakar gidansu da ke bayan tashar jirgin ƙasa ta Ƙaura Namoda. Sunan mijinta marigayi Malam Abubakar aka saka masa, don haka ba ta taɓa kama sunan ba. Kafin Malam ya rasu an ɗauki muryarsa a kaset yana ba da labarin aikinsa na reluwe. Da rediyo ta fara cinye zaren, sai Sadiq ya kwashe muryar kaf ya dunƙule ta a fayil guda, irin wanda kwamfuta ke ɗauka tamkar an saka mata faifai. Kwamfutar gidan ɗaya ce, amma kowa da akawun ɗinsa: Sadiq, da gwaggonsa Rashida malamar makaranta, da ita Hajiya. Kullum bayan la'asar shi yake kunna mata. Ga shi gobe zai tafi kudu hidimar ƙasa.

Ya zauna a bakin tabarmarta ya buɗe kwamfutar a cinya.

"Jiya da kat tahi Shinkahi yin sallama," in ji ta, "Rashida ta kunna abin ga, munka shiga, wayam. Rijiya ta ba da ruwa, guga ya hana."

"Ai a akawun ɗina kawai faifan yake buɗuwa."

"Wane akawu? Ni rabona da akawu tun na awon gyaɗa."

"To, ɗakina. Kowa da ɗakinsa a ciki. Naki shi ne mai hoton ƙwarya."

"Awo, yanzu kay yi magana. Wato ka kulle Malam ɗakinka. Kishi kaka yi da shi, ko ba komi ya hi ka tsawo, ya hi ka murya."

"Shi ya ga ƙuruciyar, ni aka bar wa tari da ciwon gwiwa. In ban yi kishi ba wa zai yi?"

"Ɓarawon murya. Shari'a ta zo Zamfara, ka sani. In kai ka gaban alƙali ya raba auren ga, ba ci, ba sha, ba suturar kirki."

"Ki kai ni. Alƙalin yana ganinki zai ce in je, na riga na sha hukunci."

Ta kai masa duka da mafici, ya kauce yana danne-danne.

"Mi kaka yi yanzu?"

"Fito da shi nake daga ɗakina zuwa tsakar gida. Akwai wata folda ta kowa da kowa, a can zan ajiye shi."

"Sai yau? Ba a fafe gora ranar tahiya."

"Tafiyar ai gobe ce."

"Ga rago, gobe da yau duk ɗaya."

Ya fita daga akawun ɗinsa ya danna hoton ƙwarya. Fayil ɗin ya bayyana, amma da ya taɓa shi sai wani rubutu ya fito. Sadiq ya sosa ƙeya.

"Mi tac ce?"

"Wai ba ki da izini."

Hajiya ta ajiye mafici.

"Ni? Izinin jin mai gidana? Ina inji yake ranar da anka kawo ni daga Banga bisa jaki? Shi yaɗ ɗaura auren?"

"Yi haƙuri, ba ta san ki ba. Ni ta sani, don ni na haɗa fayil ɗin, sai ta ɗauka nawa ne ni kaɗai."

"Ta ɗauko halin mai ita, rowa."

"Yanzu zan gaya mata kowa na gidan nan yana iya ji. Ji kawai, ba gogewa, ba ƙari. Kada 'ya'yan Gwaggo su zo neman wasan kati su share mana shi."

"Wanga kam ka yi hankali. Allah ya sa ba aro kay yi ba."

Ya gyara, ya sake taɓawa, faifan ya buɗe. Ya juyo mata da kwamfutar.

"Shi ke nan. In kin shiga, ki kawo kibiyar nan kan wannan, ki danna sau biyu da sauri."

Ta miƙa yatsa. Kibiyar ta tsere can kusurwa. Ta sake, ta danna sau ɗaya, na biyun ya makara. Ta janye hannun ta ɓoye shi cikin mayafi.

"Hannun ga ya tuƙa tuwon gidan ga tun ubanka na rarrahe," ta ce a hankali. "Bai iya tsalle-tsalle ba."

Sadiq ya dube ta, bai yi dariya ba.

"Laifina ne. Amarya ba ta buɗe ƙofa da kanta, buɗe mata ake yi."

"Ka dai ga gazawata, ka samu na ba da labari a kudu."

"Me zan ce musu? Matata ta kayar da maza a dakan fura, kibiya ta kayar da ita?"

"Ɗan nema!"

Ya daɗe yana aiki, tana yi masa fifita tana cewa ƙuda take kora. Ya bayyana mata cewa in mutum ɗaya ya buɗe faifan a ɗakinsa, sai ɗakin ya riƙe shi ya hana sauran. Saboda haka ba zai bar wa kowa buɗewar ba. Kwamfutar da kanta za ta buɗe shi da zarar an kunna ta, tun kafin kowa ya shiga. A nata ɗakin kuma zai sa muryar ta tashi ba sai an taɓa komai ba.

"Wato Malam shi ka riga kowa tashi."

"Haka ne."

"To ai halinai ne. Ko ladan bai riga shi ba. Kai wa kab biyo?"

"Ke."

Sai ya kashe kwamfutar. Fuskar kwamfutar ta yi baƙi ƙirin. Hajiya ta dafe hannunsa.

"Kai, mai sunan Malam! Ba ka dai ɓata shi ba?"

"Yana nan, Hajiya. Gwadawa zan yi. Kuma na kwafa a wani wuri na ba Gwaggo ta adana."

Ba ta saki hannun ba har hasken ya dawo. Ya shiga akawun ɗin Rashida, ga faifai a buɗe. Ya fita ya tura mata kwamfutar.

"Danna ƙwaryarki. Sau ɗaya, yadda kika ga dama."

Ta danna. Sai shuuu irin na tsohon kaset, sai ga murya mai kauri ta cika tsakar gida: "…to ran nan jirgi ya iso da dare, buhunan gyaɗa har sama… Ke, ta Banga, kore kajin ga, ana ɗaukar magana!" Can nesa aka ji wata murya siririya tana cewa, "Kajin ma labarin suka so su ji."

Hajiya ta rufe baki da gefen mayafi, kafaɗunta na motsi. Sadiq bai san ko dariya ce ko kuka ba, bai kuma tambaya ba. Sai da Malam ya kai ƙarshen labarin ta share ido.

"Hayaƙin murhu ne."

"Ba a hura wuta ba tukuna."

"Na maƙwabta ne. To, karen bana, ka kama zomon. Na sallama."

Ta kwance bakin zaninta ta ciro goro fari ƙal, ta fasa, ta ba shi babban ɓarin.

"Amma aikin bai ƙare ba. Kulle ɗin da kay yi, buɗe shi kaɗan."

"Me za a ƙara?"

"Taka. Ka yi magana a ciki, ko mi ne ne, ka aje kusa da ta Malam."

"Au, ashe za a yi kewar ragon miji?"

"Wa? Ɓeraye sun dame ni a rumbu, abin kora nika nema."

Sadiq ya tuntsire da dariya har goron ya kusa shaƙe shi. Ya jawo kwamfutar, ya gyara murya.

"Me zan ce?"

Ta matso kusa, ta ɗora hannu a kafaɗarsa.

"Ka ce ka sauka lahiya. Kullum in na danna, in ji ka sauka lahiya."